Allurar Ƙarfin Maza da Takardar Gwajin Jini: Jawabi Ga 'Yan Tudun Wada Mazauna Birane



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya tamu mai albarka, da 'yan'uwa maza da mata da suka taso daga Kaduna, Kano, Abuja, Legas, Fatakwal da sauran birane, ina yi muku barka da zuwa gida, da fatan kun iske iyali lafiya.

Maganar da aka ɗora mini a bana tana daga cikin waɗanda kunya ta daɗe tana hana mu tattaunawa a bainar jama'a. Saboda haka tun farko ina neman afuwar iyayenmu idan wata kalma ta yi nauyi a kunne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma lafiya uwar jiki ce. Zan yi bayani a kan sinadarin nan da ake kira testostiron, wanda yanzu magidanta da samari da dama ke karɓa ta allura ko man shafawa da sunan ƙarin ƙarfi, da irin canjin da yake kawowa a sakamakon gwajin jini, musamman gwajin tayirod, wato tsokar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura muke kira maƙoƙo.

Abin da nake son kowa ya koma da shi birni shi ne: wannan magani yana canja lambobin da ke cikin takardar gwaji. Wasu canje-canjen suna tayar da hankali alhali babu haɗari a cikinsu, wasu kuma ba a jin su a jiki alhali suna iya kai mutum ga kwanciya asibiti. Wanda ya fara allura ba tare da an auna shi ba, ba shi da hanyar da zai bambanta na farko da na biyu.

Mene ne testostiron?

Testostiron sinadari ne da 'ya'yan maraina ke samarwa. Shi ke sa muryar yaro ta buɗe idan ya balaga, gemu ya fito, ƙashi da tsoka su yi ƙarfi, sha'awa ta motsa, kuma da taimakonsa ake samar da ƙwayoyin haihuwa na namiji. Maraina ba sa aiki da ra'ayin kansu. Akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ana kiranta fituwitari. Ita ke aika umarni ta hanyar sinadarai biyu, LH da FSH. Idan testostiron ya yi ƙasa a jini sai ta ƙara umarni, idan ya yi yawa sai ta yi shiru. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Neman maido da ƙuruciya ta wannan hanya ba sabon abu ba ne. A shekarar 1889 wani shahararren likita a birnin Faris na Faransa, Charles Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan da ya tace daga marainan karnuka da wasu ƙananan dabbobi, ya kuma sanar da cewa ƙarfinsa ya dawo. Daga baya masana suka gano cewa sinadarin da ke cikin ruwan nan bai kai ya yi wani aiki a jiki ba, sa rai ne kawai ya yi tasiri a kansa. Sai a 1935 aka ware ainihin sinadarin a birnin Amstadam, kuma a shekarar ce Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka iya harhaɗa shi a ɗakin bincike. An ba su lambar yabo ta Nobel a 1939. Tun daga lokacin ya zama magani na gaskiya ga masu buƙatarsa ta gaskiya, ya kuma zama haja ga masu neman kuɗi.

A yau ana samunsa iri-iri. Akwai allurar da ake yi duk mako ɗaya zuwa uku, kamar Sustanon da ire-irenta. Akwai mai daɗewa, kamar Nebido, wadda ake yi duk mako 10 zuwa 14. Akwai kuma man da ake shafawa a kafaɗa kowace safiya. Dukkansu magungunan likita ne, ba na saye a kemis bisa shawarar aboki ba.

Gajiya ba ta da uba ɗaya

Mu ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 48 da ke aikin ofis a Abuja. Ya fita tun asuba, ya yini a zaune, ya dawo bayan isha'i. Tumbi ya fito, barci ba ya isarsa, jiki ba kuzari, harkar iyali ta ja baya. Abokin aiki ya ce masa ai ƙarancin testostiron ne, ga allura. To, waɗannan alamu duka ana samun su a ciwon suga, da ƙarancin jini, da damuwa mai tsanani, da minsharin da ke yanke numfashi cikin barci, da ciwon ƙoda, da kuma raunin tayirod. Ba a gane wanne ne ta kallon fuska.

Ko da an auna an ga testostiron ya yi ƙasa, tambaya ta gaba ita ce: me ya saukar da shi? Gaskiya ne yana raguwa da shekaru, amma a hankali, kamar kashi 1 cikin 100 a shekara bayan mutum ya wuce arba'in. Abubuwan da suka fi saukar da shi a tsakaninmu su ne ƙiba da ciwon suga, da shan tiramadol da kodin, da yawan amfani da magunguna irin su firednisolon da deksametason ba bisa ƙa'ida ba, da giya. Ba mu manta ba cewa a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasanmu. Akwai kuma dalilan da suka shafi maraina kansu, kamar hangum da ya kama mutum bayan balaga ya sauka ƙasa, ko rauni, ko wata halitta da ake haifar namiji da ita mai suna Klinefelter. Wani lokaci kuma ƙari ne ya fito a fituwitari. Wanda ke da wannan ƙari ya tafi yana karɓar allura, ya rufe alamar ciwo ne, ciwon kuwa yana nan yana girma.

Saboda haka ƙa'idar da Ƙungiyar Likitocin Sinadaran Jiki ta Amurka ta fitar a 2018 ta ce ba a yanke hukuncin ƙarancin testostiron sai an haɗa abu biyu: alamu a jiki, da gwajin jini har sau biyu a ranaku dabam-dabam, da safe, kafin a karya kumallo. Dalilin safiya shi ne sinadarin ya fi yawa da sassafe, yana sauka da yamma, kuma cin abinci ma na saukar da shi. Wanda ya je ɗakin gwaji da la'asar bayan ya ci tuwo, zai iya fitowa da sakamakon da zai sa a ɗauke shi mara lafiya alhali lafiyarsa lau. Haka wanda ya yi gwajin yana cikin zazzaɓi. Iyakar ƙasa da wannan ƙungiya ta amince da ita ita ce 264 ng/dL, likitocin mafitsara na Amurka kuma suna amfani da 300. Ku lura da ma'aunin da aka rubuta a takarda, domin wasu ɗakunan gwaji na ƙasarmu suna amfani da nmol/L. Lamba 300 a ma'aunin farko ita ce 10.4 a na biyu. Wanda bai san haka ba zai ga 15 a takardarsa ya ɗauka ya ƙare, alhali yana cikin masu lafiya.

Tayirod da dangantakarta da ƙarfin namiji

Tayirod tana nan a gaban maƙogwaro, nauyinta kamar giram 15 zuwa 25. Tana samar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, nauyi, har da kaifin tunani. Ita ma fituwitari ce ke ba ta umarni, ta hanyar sinadarin TSH. Idan tayirod ta yi rauni TSH yakan hau, kamar mai tsawata wa jakin da ya ƙi tafiya. Idan ta yi gudun wuce sa'a TSH yakan faɗi. A yawancin ɗakunan gwaji TSH na mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4.0.

Dattawan da ke nan sun san lokacin da maƙoƙo ya yawaita a ƙauyuka saboda ƙarancin sinadarin ayodin a abinci. Nijeriya ta wajabta sa ayodin a gishiri tun 1993, hukumar NAFDAC kuma ta tsaya a kan lamarin, musamman zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. Wannan ya rage maƙoƙo ƙwarai. Sai dai ciwon tayirod bai ƙare ba, kuma ba sai wuya ya kumbura ake samunsa ba. Ya fi kama mata, shi ya sa idan ya kama namiji ba a cika tunaninsa da wuri ba.

Namijin da tayirod ɗinsa ta yi rauni yana fama da gajiya, ƙiba, jin sanyi, taurin bayan gida, bushewar fata da raguwar sha'awa. Idan aka auna testostiron ɗinsa za a iya ganin ya yi ƙasa, domin raunin tayirod yana rage wani furotin na hanta mai suna SHBG, wanda ke ɗauke da testostiron a jini, wani lokaci kuma yana ɗaga sinadarin furolaktin mai danne shi. Irin wannan mutum maganinsa ƙwayar tayirod ce mai araha, kuma sau da yawa idan ta daidaita testostiron yakan dawo da kansa. Akasin haka, wanda tayirod ɗinsa ke gudu, SHBG ɗinsa yakan hau, jimlar testostiron ta fito da yawa a takarda, shi kuwa yana rama, zuciya na bugawa, hannu na rawa, harkar iyali ba daɗi. Wannan shi ne dalilin da ya sa likita mai lura yakan haɗa da TSH kafin ya rubuta allura.

Canjin da ke tsoratarwa amma ba shi da haɗari

Yanzu mu zo ga wanda aka tabbatar yana da ƙarancin, aka kuma ɗora shi a kan magani. Bayan wata uku ya je gwajin lafiya na ofis, sai ya ga an ja layi a ƙarƙashin T4, an nuna ya yi ƙasa. Shin allurar ta lalata masa tayirod ne?

Bari in kawo misalin da duk wanda ya tashi a ƙasar Zazzau zai gane. A gidan manomi hatsi kashi biyu ne: wanda ke ajiye a rumbu, da wanda aka ɗebo aka kai madafa. Na madafa shi ke ciyar da gida a yau. Haka T4 yake a jini. Fiye da kashi 99 cikin 100 nasa a ɗaure yake da wasu furotin, babbansu shi ne TBG, wanda hanta ke yi, kuma shi kaɗai yana riƙe da kusan kashi uku cikin huɗu. Wannan shi ne rumbu. Ɗan ƙanƙanin da ya rage a sake shi ke shiga gaɓoɓi ya yi aiki. Testostiron yana rage yawan TBG, wato yana rage rumbuna. Idan aka ƙidaya hatsin gidan gaba ɗaya za a ga ya ragu, amma abin da ke isa tukunya bai canja ba, domin maigida, wato fituwitari, yana lura yana daidaita ɗiba.

A takardar gwaji, ƙidayar gaba ɗaya ita ake rubutawa T4 ko TT4. Ƙidayar na madafa ita ce FT4. Ga mai amfani da testostiron wanda tayirod ɗinsa ke da lafiya, abin da aka saba gani shi ne TT4 ya ɗan sauka, FT4 da TSH kuma su tsaya daram. Kamfanonin da ke yin maganin ma sun rubuta haka a takardar da ke cikin kwali. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba ya buƙatar magani. Haɗarin yana wajen wanda zai ga lambar ta sauka ya garzaya kemis ya sayo ƙwayar tayirod. Shan ta ba tare da buƙata ba yana hargitsa bugun zuciya, yana hana barci, yana cinye ƙashi. Garin neman gira sai a rasa ido. Don haka idan za a duba tayirod ɗin mai karɓar allura, TSH da FT4 ake nema.

Akwai mutum ɗaya da wannan canji ya shafa da gaske, shi ne wanda dama yake shan libotairoksin, ko don tayirod ɗinsa ta yi rauni ko don an yi masa tiyata an cire ta. Shi hatsinsa daga waje ake kawo masa, mudu ɗaya kullum, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Idan rumbuna suka ragu, sai abin da ke zuba madafa ya yi yawa. A 1994 wani likita a Amurka, Baha Arafah, ya wallafa bincike a kan matan da ke shan wannan ƙwaya, waɗanda aka ba su maganin dangin testostiron saboda sankarar mama. Cikin makonni kaɗan alamun yawan sinadarin tayirod suka bayyana a jikinsu, sai da aka rage musu ƙwayar da kashi 25 zuwa 50 cikin 100. Maganin da aka yi amfani da shi a binciken na haɗiya ne mai ƙarfi a kan hanta, tasirin allura da man shafawa bai cika kai nasa ba, amma darasin yana nan. Duk mai shan libotairoksin da ya fara testostiron, ko ya canja yawansa, ko ya daina, ya sake gwajin TSH bayan mako 6 zuwa 8. Idan ya ji faɗuwar gaba, gumi, rawar hannu ko rashin barci, kada ya jira cikar makonnin.

Wani abin da ke rikita takarda shi ne bayotin, bitamin da ake sa wa da yawa a magungunan gyaran gashi da fata da wasu na masu motsa jiki. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa yana ɓata sakamakon gwaje-gwaje. Yana iya sa TSH ya fito ƙasa, FT4 ya fito sama, kamar mutum na da ciwon da ba shi da shi. A daina shansa aƙalla kwana biyu kafin gwaji, a kuma gaya wa likita.

Canjin da ba a ji amma yana da haɗari

'Yan'uwa, idan akwai lamba ɗaya da nake roƙon mai karɓar allura ya haddace, ita ce PCV. Dukkanmu mun san ta, domin ita ake dubawa idan mace na da juna biyu ko yaro ya yi fama da zazzaɓin cizon sauro. Mun saba jin tsoron ta yi ƙasa. A nan tsoron shi ne ta yi sama. Testostiron yana sa ƙoda ta ƙara sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jajayen ƙwayoyin jini, yana kuma buɗe wa ƙarfen jini hanya daga hanji. Ga mai ƙarancin jini wannan alheri ne. Amma idan abin ya zarce, jini yakan yi kauri, kamar kunun da aka cika wa gari, zuciya ta riƙa wahala wajen tura shi, haɗarin daskarewarsa a jijiya ya ƙaru. Daskarewar nan ita ke kawo shanyewar ɓarin jiki, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko toshewar jijiyar huhu.

PCV na namiji mai lafiya yana tsakanin 40 da 50 ko ɗan sama kaɗan. Ƙa'ida ita ce a auna kafin a fara, kuma wanda nasa ya riga ya haura 48 zuwa 50 ba a gaggauta fara masa. A sake aunawa bayan wata 3 zuwa 6, sannan duk shekara. Idan ya wuce 54 sai a dakatar da maganin har ya sauko, a binciki dalili, sannan a koma da ɗan kaɗan ko a canja zuwa man shafawa. Wannan shi ne lahanin da aka fi samu a wannan magani, kuma ya fi yawa ga masu allurar gajeren zango, da dattawa, da masu shan taba, da masu minshari mai yanke numfashi. Wani zai ji ciwon kai, jiri ko jan ido, wani kuwa ba zai ji komai ba.

Yanayin ƙasarmu ma yana da hannu. A zafin watan Maris da Afrilu, ko lokacin azumi, ko a doguwar tafiyar mota daga Legas zuwa gida ba tare da shan ruwa ba, jiki yakan bushe, jinin da dama ya yi kauri ya ƙara kauri. Idan likita ya ga dacewar rage jini, a asibiti ake ɗibar sa da ma'auni, kamar leda guda, a sake auna PCV. Ƙahon wanzami yana da matsayinsa a al'adarmu, sai dai abin da yake fitarwa kaɗan ne kuma ba a san adadinsa ba, don haka ba ya maye gurbin wannan aiki.

Furostet, haihuwa da sauran lambobi

Lamba ta gaba ita ce PSA, wadda ke nuna halin furostet, tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Sankarar furostet ita ce kan gaba a cikin sankarorin da ke kama mazan Nijeriya, kuma baƙar fata sun fi sauran jinsi haɗarinta. Bincike bai nuna cewa testostiron yana haifar da ita ba, amma yana iya ciyar da wadda ta riga ta fara. Don haka namijin da ya kai 40 ya tattauna da likita a auna PSA kafin farawa. Idan ya wuce 4, ko 3 ga masu haɗari irinmu, sai likitan mafitsara ya duba tukuna. Bayan an fara, ɗan hawa kaɗan ba abin damuwa ba ne, amma hawan da ya wuce 1.4 a cikin shekarar farko yana buƙatar bincike.

Sai maganar da ta fi shafar samari da masu shirin ƙara aure. Na faɗa a baya cewa idan testostiron ya yi yawa a jini fituwitari takan yi shiru. Ita ba ta bambanta na maraina da na kwalba. Da zarar allura ta shiga, LH da FSH sukan faɗi ƙasa warwas, maraina su daina aiki, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ɓace. Tasirin nan yana da ƙarfi har Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar a matsayin maganin hana haihuwa na maza. A binciken da aka wallafa a 1990, an yi wa maza 271 allurar miligiram 200 duk mako, kuma cikin wata shida kusan kashi biyu cikin uku ba a samun ko ƙwaya ɗaya a maniyyinsu. Yawanci abin yakan dawo bayan an daina, amma yana ɗaukar watanni, wani lokaci har shekara biyu. A al'ummarmu, idan haihuwa ta yi jinkiri, yatsa wajen mace ake fara nunawa. Ku duba irin zaluncin da za a yi wa baiwar Allah ana kai ta asibiti da gidajen masu magani, alhali dalilin yana cikin allurar da maigida ke karɓa a ɓoye. Namijin da ke son haihuwa kuma yake da ƙarancin testostiron, akwai wasu magunguna dabam da likita zai ba shi waɗanda ke tayar da maraina su yi aiki da kansu.

Akwai ƙananan canje-canje da ya kamata a sani. Kitsen jini mai amfani, HDL, yakan ɗan sauka. Suga yana iya sauka, don haka mai allurar insulin ya ƙara lura. Mai shan wafarin don tsinka jini ya sani cewa testostiron yana ƙara masa ƙarfi, sai an riƙa duba INR akai-akai. Hawan jini yakan ɗan ƙaru, kuma a 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta umarci a rubuta wannan gargaɗi a jikin dukkan nau'o'in maganin. Tsofaffin ƙwayoyin haɗiya irin metiltestostiron, da waɗanda ake sayar wa samari a wuraren ɗaga ƙarfe, suna illata hanta. Magungunan ƙarfin maza na kwalba da ake tallatawa a tasha da kasuwa kuwa, an sha kama irinsu da sinadarin Viagra a ciki ba tare da an rubuta ba, kuma haɗuwarsa da wasu magungunan ciwon zuciya tana iya saukar da jini har mutum ya faɗi.

Game da zuciya, babban binciken da ake dogara da shi yanzu shi ne TRAVERSE, wanda aka wallafa a 2023. An bi maza fiye da 5,200 masu shekara 45 zuwa 80, dukkansu an tabbatar da ƙarancin ta gwaji biyu, kuma suna da ciwon zuciya ko haɗarinsa. Rabi sun shafa testostiron, rabi sun shafa man da babu magani a ciki. Bugun zuciya mai kisa da shanyewar ɓarin jiki ba su fi yawa ga masu maganin ba: kashi 7.0 da kashi 7.3. Amma hargitsewar bugun zuciya, da daskarewar jini a huhu, da raunin ƙoda na farat ɗaya sun ɗan fi yawa a wajensu. Wannan labari ne mai kwantar da hankali ga wanda likita ke bibiya. Ba ya magana a kan wanda ke ninka allura a bayan kanti.

Abin da ya kamata mu yi

Na farko, kafin allurar farko a yi waɗannan gwaje-gwaje: testostiron sau biyu da safe, LH da FSH, PCV, suga, TSH, awon hawan jini, da PSA ga wanda shekarunsa suka kai. Likita zai ƙara furolaktin ko gwajin maniyyi idan ya ga dalili.

Na biyu, bayan wata 3 zuwa 6 a maimaita testostiron, PCV da PSA, sannan a cika shekara, sannan duk shekara. Lokacin ɗibar jini yana da muhimmanci. Mai allurar gajeren zango a tsakiyar tazarar allura biyu ake aunawa, mai doguwar allura dab da ta gaba, mai shafawa kuma awa 2 zuwa 8 bayan ya shafa. Abin da ake nema shi ne tsakiyar ma'aunin masu lafiya. Idan wata shida ya wuce, lamba ta daidaita amma jiki bai canja ba, to matsalar tana wani wuri, sai a daina a bincika.

Na uku, a riƙe ɗakin gwaji ɗaya gwargwadon hali, domin injuna sun bambanta, a kuma tara takardu a fayil guda. Lamba ɗaya ba ta ba da labari sai an jera ta da 'yan'uwanta na baya.

Na huɗu, kowane likita ka je wurinsa, ko na ido ne, ka gaya masa kana karɓar testostiron. Mai shafawa ya wanke hannu, ya rufe wurin da riga, domin man yana iya shafar mata da ƙananan yara.

Na biyar, rage ƙiba da tafiyar ƙafa da isasshen barci da barin ƙwaya suna ɗaga testostiron ba tare da allura ba, kuma suna gyara suga da hawan jini a lokaci guda.

Mu 'yan Tudun Wada ba baƙi ba ne ga aikin asibiti. A unguwarmu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna shekaru da dama yana horar da likitoci, kafin ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005. A can Shika akwai likitocin sinadaran jiki da na mafitsara da na jini. Mazauna Kano suna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mazauna Kaduna suna da na Barau Dikko, mazauna Abuja suna da Asibitin Ƙasa da na Gwagwalada. Kuɗin gwaji yana da nauyi a wannan zamani, babu mai musun haka, amma bai kai kuɗin jinyar shanyewar ɓarin jiki ba.

Ina ba wannan ƙungiya shawarar cewa a ranar duba lafiya da za ta shirya nan gaba, a ware ɗaki na maza kaɗai, inda za a auna hawan jini, suga da PCV, kuma magidanci ya samu likita namiji ya yi tambaya cikin sirri. 'Ya'yan unguwa masu aikin lafiya suna da yawa, kuma na tabbata za su amsa kira. Ga iyayenmu mata da matan aure, idan kun ga maigida ya canja, a yi masa magana cikin hikima da rufin asiri, a ƙarfafa masa gwiwar zuwa asibiti. Gori shi ke tura maza da yawa bayan kanti. Ga masu kemis daga cikinmu, kada a yi wa kowa wannan allura sai da takardar likita.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya albarkaci Tudun Wada da ƙasar Zazzau baki ɗaya, Ya mai da kowa masaukinsa lafiya.